Injin da Ya Niƙa Irin Suhaibu

Matameye, 28 ga Yuni

Yaya Alhaji Abdulra'uf,

Jiya da hantsi na tsuguna a gonar hanyar Ɗan Barto, na sa yatsa na tona layi ɗaya, a nan na gane abin da ya same mu. Geron yana cikin ƙasa, har da jan maganin da na shafa masa, amma a farfashe yake kamar tsakin kaji. Na matsa gaba na sake tonawa, haka. Na tsallake layi biyar, haka. Kwana goma sha biyu ke nan da shuka, gonakin maƙwabta duk sun yi kore, tamu kuwa tsiro ɗaya nan, ɗaya can. Injin shukar bai shuka irin ba. Niƙa shi ya yi, ya binne.

Ka gafarce ni, ban fara da gaisuwa ba. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin gareji, ya zafin Agadas? A gaida Hajiya Sadiyya da yara. Mu nan lafiya lau, sai Zuhra da ta yi tari, ya kuma sauka. Yayata, Yaya Fati, tana nan tun da ta zo daga Tsauni ta zauna mini takaba, ba ta koma ba.

Shekaranjiya na fita takaba, shi ya sa sai jiya na taka gonar. Da ruwan shuka ya sauka ina cikin gida, maƙwabcinmu Malam Lawwali ne ya ɗaura wa jakinsa injin ya shuka mana saboda Allah. Ka san injin yana rufe ƙasa a bayansa, ba mai ganin abin da ya faɗa. Da na kira shi ya gani, sai ya ce, “Batulu, kwano yana raguwa, ƙafa tana juyawa, layi yana fita sambal. To me zan gani?” Ban ga laifinsa ba.

Irin nan marigayi ƙaninka ne ya zaɓe shi da hannunsa a kakar bara, zangarniya zangarniya, ya rataye a rumbu dabam. Tiya takwas na sussuka. Shida sun tafi a ƙasa, biyu suka rage. In da sungumi zan shuka, tiya biyu ba za ta kai ko'ina ba, domin hannu ya fi inji zubar da iri, kuma kowa ya shiga noman farko, ba mai taya ni. In injin ya gyaru, zan iya jan tiya biyun nan da tsimi har su rufe mafi yawan gonar.

Ban manta abin da aka yanke ran sadakar arba'in a gaban Baffa Khalifa ba. Kun ce gonar ta gandu ce, ba a raba ta ba, za a bar mini ita in ci da yaran nan biyu muddin ina shuka ta, in kuwa damina ta same ta a kwance, ta koma hannunka. Ni ba ni da wata ƙasa, kuma ba ni da wata sana'ar da ta wuce ƙuli-ƙuli.

Kai ka kawo wa Baba injin nan tun kuna samari. Marigayi kullum yana cewa, “Ƙarfen nan Yaya ne ya san cikinsa, ni ɗan kallo ne.” Na kira salularka sau uku ba a ɗauka ba, shi ne na ba Marwan direba wannan takarda, tun da duk ran kasuwa yana tashi zuwa Agadas ya dawo mako mai zuwa. Don Allah ka gaya mini me ke sa inji ya fasa iri, da yadda zan yi.

Matar ƙaninka,
Batulu

Agadas, 3 ga Yuli

Batulu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah Ya ji ƙan Suhaibu, Ya raya Najaha da Zuhra.

Takardarki ta iso. Sai da na sa tabarau biyu kafin na karanta ta, ban san a wane aji kika bar lekol ba. Na ga kiranki a salula. Kada ki sake kira. Maganar gona da kayan gado a rubuce nake son ta, domin abin da aka faɗa da baki gobe sai a ce ba a faɗa ba.

Shekara talatin da ɗaya injin nan yana gidanmu. Baba ya yi aiki da shi, Suhaibu ya yi aiki da shi, bai taɓa fasa ƙwayar gero ɗaya ba. Wata huɗu kacal a hannunki ya koma dutsen niƙa. Wannan abin dubawa ne.

Ki saurara. Injin nan yana cikin dukiyar da ba a raba ba, akwai haƙƙin marayu a kansa, kuma ni ne waliyyinsu. Ban yarda a kai shi wajen maƙeri ko mai walda ba. Na san maƙeran kasuwar Matameye, guduma ce ilminsu, in suka buga masa sau biyu ya gama aiki har abada.

Gyaran inji daki-daki ake bin sa, ba a tsallake. Abu na farko faifai ne. A gindin kwanon da ake zuba iri akwai faifan ƙarfe mai huji, shi ke juyawa ya ɗebi iri ya saki. Guda uku ne da shi: na gero, na wake, na gyaɗa. Ki duba wanda ke ciki, ki ƙirga hujinsa. Na gero huji takwas ne ƙanana. Mai yiwuwa tsohon nan Lawwali ya sa wanda ba shi ba, mutumin da ko garma bai taɓa mallaka ba. Ki ƙirga ki rubuto. In na ji, sai in gaya miki abu na biyu.

Alhaji Abdulra'uf

Matameye, 5 ga Yuli

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Hajiya. Na gode da amsa. A aji biyar na bar lekol, zan ƙara girman rubutun.

Marwan yana miƙo mini takardar na ƙirga, don kada ya tashi ban ba shi amsa ba. Huji takwas ne ƙanana. Na gero ne, har da alamar da marigayi ya karta masa da ƙusa don kada ya ruɗe. Na wake da na gyaɗa suna cikin buhunsu a rataye. Malam Lawwali bai taɓa faifai ba, yadda ya ɗauki injin haka ya ɗaura.

Kafin takardarka ta zo mun gwada wani abu ni da Yaya Fati. Mun ɗora injin a kan turmi biyu, ƙafafunsa suka tashi daga ƙasa, muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Na zuba geron ci cikin kwanon, ba na iri ba, tana juya ƙafa da hannu ni ina kallo. Abin da ya zubo fiye da rabi a fashe. Ana jin shi yana ƙaras-ƙaras daga ciki. Da na kwashe geron na leƙa, na ga faifan ba ya kwanciya lif yana juyawa. Rawa yake yi, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, kamar murfin tukunya in ta tafasa. Geron yana shigewa ƙarƙashinsa. Na sa lakile, wato sifana, na ɗaure notin da ke tsakiya har ya ƙi gaba, amma rawar ba ta daina ba. Ko wannan yana da ma'ana a wajenka?

An yi ruwa mai kyau ran Talata. Na tsaya a ƙofa ina jin ƙamshin ƙasa, ga iri a ƙwarya, ga inji a kan turmi. Yaya Fati ta ce, “Ke Batulu, maƙeri yana can bakin kasuwa, tafiyar shan ruwa ce. Agadas kuwa kwana biyu a mota. Wane ne ya fi kusa?” Na ce Yaya ya hana. Ta ce, “Yayanki ne ko yayan injin?”

Abin da ya fi damuna Malam Lawwali ne. Labari ya bazu. A majalisar ƙofar masallaci sun sa masa Malam Mai Niƙa. Wani ya ce masa, “Malam, gobe zan aiko da dawa tiya uku, amma kada ka yi mini laushi sosai.” Suka yi ta dariya. Wani kuma ya ce shi da ya tashi taimakon marayu, ya taimake su da yunwa. Yanzu in an sallame salla takalminsa yake ɗauka ya wuce gida. Dattijo ne, kwana biyu ya yi a bayan jakinsa a gonarmu kafin ya taɓa tasa.

Zuhra ta tambaye ni ko geron Baba ya ƙi fitowa ne don yana jiransa. Na ce mata a'a, ƙarfe ne ya samu matsala, kuma baffanta na Agadas zai gyara.

Don Allah in da hali ka haɗa mini abu na biyu da na uku a takarda ɗaya. Mako guda yana da tsawo a wannan lokaci.

Batulu

Agadas, 10 ga Yuli

Batulu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke.

Ba ke za ki koya mini tsarin gyara ba. Shekara arba'in ina buɗe cikin manyan motoci. Wanda ya haɗa abu biyu a lokaci ɗaya ba zai san wanne ne ya yi magani ba. Kuma wa ya ce ki sa wa noti lakile? Na ce ki ƙirga huji, ban ce ki ɗaure komai ba.

Abu na biyu haƙora ne. A ƙarƙashin kwanon akwai akwatin ƙarfe, cikinsa akwai haƙora biyu masu cin juna, su ke kai juyin ƙafa ga faifai. Ki buɗe shi, ki wanke su da kananzir har ƙarfe ya fito fili, ki duba su ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya karye ko ya cinye. Sannan ki sa sabon giris ki rufe. Kada ki ƙara wa injin komai, kada ki rage masa komai sai da izinina. In na zo na tarar da wani baƙon abu a jikinsa, zan ɗauke shi a matsayin ɓarnar dukiyar marayu, kuma Baffa zai ji.

Na uku, ki rubuto mini duk hannun da ya taɓa injin nan tun ranar da Suhaibu ya ajiye shi bara, da abin da kowane hannu ya yi. Kada ki bar komai, ko kina ganin ƙarami ne. Likita ba ya warkar da mai ɓoye ciwo.

Ita kuma yayarki, ki gaya mata takaba ta ƙare.

Alhaji Abdulra'uf

Matameye, 12 ga Yuli

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan sai godiya.

Takardarka ta same ni da safe, na roƙi Marwan ya jinkirta tashi zuwa la'asar. Na buɗe akwatin, na wanke haƙoran da kananzir da tsohon buroshi. Na bi su da yatsa ɗaya ɗaya, na babba da na ƙarami. Babu wanda ya karye. Sun yi santsi kaɗan amma suna cin juna. Na sa giris na rufe, muka juya ƙafa. Yana nan yana fasa gero kamar da.

Ka ce in faɗi duk hannun da ya taɓa shi. Malam Lawwali ya riƙe hannayensa ya bi jaki, shi ke nan. Ɗaya hannun nawa ne.

A wata na uku na takaba ne. Yini yana yi mini tsawo, ba fita, ba suya, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Injin yana ƙarƙashin rumfa inda marigayi ya jingine shi, ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a kansa. Tsumman da ya naɗa a hannayen injin yana nan da shatin yatsunsa. Yaya, ka san yadda abin ya zo. Ran Litinin ya dawo daga lambu yana rawar sanyi, ran Alhamis kafin azahar an kai shi. Maza ne suka yi masa wanka, ni ko ƙafarsa ban taɓa ba. Sai na ce bari in wanke abin da ya bari. Na ɗebo ruwa da sabulu da toka, na wanke ƙafafun, na wanke kwanon, na goge tsatsa, na shafa masa mai. Yini biyu na yi a kansa, kuma tun rasuwar ban samu yini biyu masu sauƙi kamarsu ba.

Da na kwance noti na ɗaga faifan, na tarar da wani abu manne a ƙarƙashinsa, baƙi ƙirin, zagayayye, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, da huji a tsakiya. Giris da ƙasa sun daskare a kansa. Na ɗauka dattin shekaru ne ya taru. Na sa wuƙa na ɓamɓare shi, ya ɗan yi kama da tsohuwar fata, na jefa cikin shara, aka ƙone. Na mai da faifan yana ƙyalli, na ɗaure. Har na ji daɗi, na ce da ya gani da ya yi mini tsiya, ya ce yau kuma ƙarfe ake wa kwalliya.

Ban kawo shi a raina ba sai da ka tambaya. Yaya, ko abin nan yana da aiki? In yana da aiki, da me ake yin sa, kuma kaurinsa nawa? Ka ba ni izini in sa wani. Ba zan taɓa ba sai na ji daga gare ka.

Masu shuka sun ce in aka wuce ashirin ga wata gero ba zai nuna ba. Takardarka za ta same ni ran sha tara. In ta zo da amsa, kwana ɗaya ya ishe ni in fara.

Batulu

Matameye, 19 ga Yuli

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce. Tun safe nake tasha. Marwan ya sauko ya ce ya miƙa maka takardata hannu da hannu, ya koma ran Laraba karɓar amsa, ka ce masa babu saƙo wannan makon. Na ce ya sake duba aljihunsa. Ya ce, “Batulu, da akwai da na ba ki, ni ba na cin takarda.” Na tambaye shi ko ba ka da lafiya ne, ya ce a tsaye ya same ka kana shan shayi da mutane.

An yi ruwa sau biyu a makon nan. Da na ga ba zan iya zama ba, ni da Yaya Fati muka ɗauki sungumi muka shuka kusurwar da ke bayan gawo, tana sara ina zuba iri. Tiya ɗaya ta tafi a ɗan wurin nan, ko kashi ɗaya cikin shida na gonar bai kai ba. Na tsaya, na ɓoye ɗayar saboda injin.

Yaya Fati ta ce in yanka fata ko roba in cusa in gani. Na ce na yi maka alkawari. Ta ce, “Ladabi zai kashe ki, kuma ba wanda zai zo sadakarki daga Agadas.”

Muna cikin shuka wasu mutum biyu suka tsaya da babur a bakin hanya, ɗaya da igiyar awo. Suka taka gefen gonar har iyaka suka dawo. Na gaishe su na ce lafiya? Suka ce mai gona ne ya ce su duba. Na ce wane mai gona? Suka hau babur.

Kalma ɗaya nake roƙo, e ko a'a.

Batulu

Agadas, 24 ga Yuli

Batulu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba sai kin tambayi direba ba.

E, abin nan yana da aiki. Shi ne injin gaba ɗaya. Ƙarfen da faifai yake zama a kansa ya cinye tun zamanin Baba, shi ya sa faifan ke rawa, iri ya shiga ƙarƙashi ya niƙe. Ni na yanka fatar nan da hannuna daga tsohon linzamin raƙumi, na jiƙa ta da mai, na sa ta ta cike gurbin. Shekara ashirin da shida tana wurin. Suhaibu ya san ta, ko wanke kwanon zai yi ba ya ɗaga faifai. Ke kika zo da sabulunki.

Tun layin farko na takardarki ta farko na san fatar ce babu. Injin nan ba shi da wata hanyar fasa iri. Abin da ban sani ba shi ne wa ya cire ta, kuma na fi son ki faɗa da rubutun hannunki. Da na gaya miki tun ranar, da kin cusa wani abu kin yi shiru, laifi ya zauna a kan tsohon nan, shekara mai zuwa kuma ki sake wata ɓarnar. Gona ba wurin koyon aiki ba ce.

Na yi wa takardarki ta sha biyu ga wata hoto na aika wa Baffa Khalifa, za a karanta wa dangi. Sharaɗin da aka yi a bayyane yake. Yau ashirin da huɗu, lokacin gero ya wuce, gonar Baba tana kwance ciyawa tana ci, kuma hannunki ne ya jawo. Mutanen da kika gani ni na tura su. Gari ya iso wurin, ƙasar ta fi amfani a yanka ta filaye. Rabon Najaha da Zuhra yana hannuna, za su same shi in sun yi hankali.

Kada ki ce na zalunce ki. Ni na bar wa Suhaibu gonar nan shekara ashirin yana ci shi kaɗai, ko damin gero ɗaya bai taɓa aiko mini Agadas ba. Na yi shiru saboda shi. Ke ba ƙanwata ba ce, aure ya kawo ki, kuma ya ƙare.

Shawarata ki bi yayarki Tsauni. Injin ki bar shi a zauren Baffa. In kina son sanin kaurin fatar don ilmi, kamar kaurin tafin takalmi ne.

Alhaji Abdulra'uf

Matameye, 2 ga Agusta

Alhaji,

Assalamu alaikum. Muna raye.

An karanta takardata a zauren Baffa Khalifa ran Asabar, maza goma sha ɗaya, ni ina bakin ƙofa a tsugune. Mai karatun bai tsallake komai ba, har inda na ce ban taɓa ƙafarsa ba, har inda na ce na wanke abin da ya bari. Wani ya ce, “To ai gara da ba a ba ta gawar ba, da ta cire masa wani abu.” Wasu suka yi dariya, Baffa ya tsawata musu. Kai na rubuta wa wannan maganar, don ka ce kada in bar komai.

Baffa ya ce ba zai warware sharaɗi ba. Amma ya ce duk inda iri ya shiga ƙasa kafin masu awo su kafa duwatsunsu ran Litinin, nawa ne, ba a kafa dutse a kan shuka.

Daga zauren na wuce gida na ɗauko takalmin marigayi na fata, wanda yake zuwa Juma'a da shi. Na kifa kofi a kan tafin na zana, na yanka da wuƙa, na huda da ƙusa mai zafi. Na farko ya yi faɗi. Na biyu ya zauna. Na jiƙa shi da man gyaɗa, na ɗora faifai, na ɗaure. Yaya Fati ta juya ƙafa. Babu ƙara, babu rawa. Na tsince abin da ya zubo a tabarma ƙwaya ƙwaya, ko ɗaya ba ta fashe ba. Daga ɗauko takalmi zuwa gamawa, tukunyar da na ɗora ba ta tafasa ba. Abin da ka riƙe mini mako huɗu ke nan.

Na je wajen Malam Lawwali aron jaki. Bai ce in shigo ba. Ya ce, “Wata guda ana kirana Mai Niƙa, jikokina ma sun ji a lekol. Ke kuwa kina cikin gida da wuƙarki.” Na ce, “Malam, wallahi ban sani ba.” Ya ce, “Na yarda. Amma jakina ya gaji.” Ya rufe ƙofa. Na bi gida huɗu, kowa dabbarsa tana aiki, ko kuma ba ya son shiga maganar gado.

Ran Lahadi da sassafe muka tura injin har gona. Na naɗa zane a ƙirji na ɗaura igiyar a kai, ni ina ja, Yaya Fati tana riƙe da hannayen. Ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi nauyi. Tana cewa, “Ja, jakar gidan Baffa, ba a ba ki dusa sai kin kai iyaka.” Muna dariya muna kuka. Layi goma sha ɗaya muka yi kafin la'asar, daga nan ƙafata ta ƙi ɗaukata. Na tona bayanmu na duba, irin lafiyayye ne. Na san ya makara. Ko bai yi ido ba, zai yi kara, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yaran ce.

Ran Litinin suka zo suka kafa duwatsu, tun daga gefen layina na ƙarshe har bakin hanya.

Ba zan tafi Tsauni ba. Na kai injin zauren Baffa kamar yadda ka ce, da fatar a ciki, duk wanda ya ɗauka zai same shi da lafiya. Maganar damin gero, marigayi ya aika maka sau biyu a shekarun farko, ka ce a daina, geron Matameye tsakuwa gare shi. Ni na ɗaure buhunan.

Rabin tiyar irinsa ya rage a ƙwarya, ba inda zan zuba shi. Ban samu bakin da zan ba Malam Lawwali haƙuri a gaban mutanen da suka yi masa dariya ba. Yaran kuma har yau ban gaya musu duwatsun mene ne ba.

Batulu